Sitikar Kare Tururin Waya: Abin Da Ɗakunan Gwaji Suka Gano

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da wayar salula irin ta GSM ta soma aiki a Nijeriya, ba a taɓa raba ta da jita-jita ba. A 2004 aka baza labari cewa akwai waɗansu lambobi da in mutum ya amsa kiransu sai ya faɗi matacce. A 2011 labarin ya sake dawowa da lamba 09141, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta fito ta ƙaryata. A 2020 kuma, ana tsakiyar annobar korona, aka ce fasahar 5G ce ke yaɗa cutar, alhali kuwa a lokacin ba a ba kowane kamfani lasisin 5G a ƙasar nan ba, kamar yadda ministan sadarwa na wancan lokaci, Dokta Isa Ali Pantami, wanda mutanen Bauci suka sani tun yana ɗalibi har ya zama malami a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya bayyana. Sai a watan Disamba na 2021 aka yi gwanjon lasisin, kamfanin MTN ya soma aiki da shi a 2022.

To, duk inda tsoro ya sauka, ɗan kasuwa yana biye da shi da kaya a ka. Kayan da ake talla yanzu su ne na kare tururin waya. Akwai 'yar sitika mai ruwan zinariya ko azurfa, wadda ba ta fi kwandala faɗi ba, ana manna ta a bayan waya. Akwai rigar waya mai murfi, da sarƙar wuya, da awarwaro, har da wani abu mai kama da filashi da ake soka wa kwamfuta. Ana tallarsu a Facebook da WhatsApp da shagunan intanet, kuma hanyar da sauran tarkacen waya ke bi daga Ikeja ta Ikko, ko daga Farm Centre ta Kano, zuwa teburan masu kayan waya a Wunti da Babbar Kasuwar Bauci, a buɗe take gare su. A jikin kwalin irin waɗannan kaya akan rubuta cewa suna tare kashi 99 cikin 100 na tururi. Masu saye kuwa ba wawaye ba ne. Akwai magidancin da ya ji an ce ajiye waya a aljihun wando yana rage ƙarfin namiji, akwai mace mai ciki da ke tsoron abin da zai sami ɗanta, akwai uwar da yaronta ke wuni da waya a hannu. Kowannensu daga kuɗin cefane yake yagowa ya saya, da kyakkyawar niyya.

Wanda ya je kasuwar Muda Lawal sayen masara yakan duba mudu, ya ga ko an bubbuge gindinsa, ya sa hannu cikin buhu ya ɗebo daga ƙasa. Mai sayen sitika ba shi da wannan dama, gama tururin waya ba a ganinsa, ba a jin warinsa, ba a taɓa shi. In an manna sitikar waya tana aiki yadda take da, in an ɓamɓare ta haka nan. Watau cinikin biri a sama ke nan, sai fa in an sami wanda ke da ma'aunin da zai saukar da birin ƙasa. Masu irin wannan ma'auni suna nan, kuma fiye da shekara 20 ke nan suna ɗaukar waɗannan kaya suna kai su ɗakin gwaji. Kafin a zo ga abin da suka gano, ya kamata mai karatu ya fahimci yadda wayar kanta take aiki, domin a nan ne asirin maganar yake.

Yadda Waya Ke Magana

Wayar salula ƙaramin gidan rediyo ce haɗe da akwatin rediyo a wuri guda. Yadda gidan Rediyon Jihar Bauci ke watsa shirye-shiryensa ta iska akwati ya kama, haka waya ke aika muryar mai ita ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, ta kuma kamo muryar wanda ke can ɗaya gefen. Abin da jama'a ke kira tururin waya shi ne wannan igiyar rediyo da ke ɗauke da muryar. In babu ita babu kira, babu saƙo, babu intanet. Ƙarfinta kuwa kaɗan ne: wayar GSM ba ta wuce wat 2 a iyakar ƙoƙarinta, kuma da yake a gutsure take aikawa, matsakaicin abin da take fitarwa bai wuce rubu'in wat ɗaya ba.

Lalle ne a bambanta wannan da tururin da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a Asibitin Koyarwa na Bauci, ko wanda ke fita daga ma'adinai irin su yuraniyam. Wancan yana da ƙarfin da zai iya karya ginin ƙwayoyin halittar jiki, shi ya sa ma'aikacin ɗakin hoto ke laɓewa bayan bango, ake kuma rufa wa majiyyaci riga mai dalma. Igiyar rediyo ba ta da wannan ƙarfi. Abin da aka tabbatar tana yi wa jiki shi ne ɗumama shi in ta yi yawa, kuma iyakokin da hukumomi suka sa wa waya an sa su ne ƙasa ƙwarai da inda ɗumin zai zama illa.

Sa'an nan akwai wata dabara da aka gina cikin kowace waya, wadda masu talla ba su son a ambata. Waya ba ta magana da murya ɗaya kullum. In tana kusa da ƙarfen sabis, misali a tsakiyar Wunti, sai ƙarfen ya umurce ta ta sassauta, ta koma raɗa, domin a yi tattalin batir a kuma rage hayaniya a iska. In mai ita ya kama hanyar Ningi ko Alƙaleri ya shiga inda sabis ya yi rauni, sai ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta. Tsakanin raɗar da ihun, bambancin yakan kai ninki ɗari-ɗari, har zuwa dubu. Saboda haka duk abin da ya tsaya tsakanin waya da ƙarfen sabis, waya tana ɗaukarsa a matsayin nisa ne, sai ta ƙara ƙarfi. Kamar mai kiran ɗan'uwansa ne a cikin kasuwa, wani ya sa masa tafin hannu a baki: ba zai yi shiru ba, ƙara ihu zai yi.

Ana iya tare igiyar rediyo, wannan ba gardama. Tun 1836 wani masani Baturen Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa ɗakin da aka kewaye da ƙarfe ta ko'ina yana hana ƙarfin lantarki na waje shiga cikinsa. Da wannan ilmi ake lulluɓe ɗakin na'urar hoton MRI a asibitoci. Mai karatu ma yana iya gwadawa a gida: ya naɗe waya tsaf da takardar alminiyam, rufi biyu ko uku, ya kira ta da wata wayar. Galibi za a ce masa ba a samun lambar. Wannan shi ne kariya ta gaskiya, kuma sakamakonta ke nan: waya ta zama bebiya. Daga nan kowa zai iya yin lissafin da kansa. In sitika ta tare kashi 99 cikin 100 da gaske, sabis zai faɗi, ko wayar ta ƙara ƙarfi don ta cike giɓin. In kuwa sabis bai motsa ba, batir bai sauya hali ba, to babu abin da ta tare.

Yadda Ake Awo

Mai talla yakan zo da 'yar na'ura mai ƙara da jar fitila. Ya kanga ta a jikin waya ta yi ta tsuwa, ya manna sitika ya sake kangawa ta yi shiru, 'yan kallo su ce gani ya kori ji. Amma wannan ba awo ba ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori masu araha an yi su ne don gano wayar lantarki a bango, ba su ma san zangon da wayar salula ke aiki a kai ba. Bugu da ƙari, ƙarfin da waya ke fitarwa yana hawa yana sauka cikin daƙiƙa guda, ya fi yawa a farkon kira, ya ragu bayan an haɗa. Wanda ya iya lokacinsa, ya kuma iya karkata hannu da ɗan yatsa ɗaya, zai sa na'urar ta faɗi abin da yake so, ko da ganyen ɗoka ya manna.

Awo na gaskiya a ɗaki na musamman ake yinsa, wanda aka tsare daga igiyoyin waje. A cikin ɗakin akwai ƙoƙon kan mutum da aka yi da roba mai ƙarfi, wanda aka ɗauko girmansa daga awon kawunan manyan maza. Ana cika ƙoƙon da wani ruwa da aka haɗa musamman domin ya sha igiyar rediyo daidai yadda naman kai da ƙwaƙwalwa ke sha. Sai a ɗaure waya a jikin kunnen ƙoƙon, sau ɗaya manne da kumatu, sau ɗaya a karkace, a dama da hagu. Maimakon ƙarfen sabis na gari, akwai wata na'ura a ɗakin da ke tsayawa a madadinsa, ita ke umurtar wayar ta tsaya a kan iyakar ƙarfinta ba hawa ba sauka. Daga nan sai hannun inji ya tsoma wani siririn tsinke cikin ruwan, ya bi shi ɗigo-ɗigo, yana auna ƙarfin da ya shiga kowane gurbi, har a gano inda ya fi taruwa.

Adadin da ke fitowa shi ne masana ke taƙaitawa da haruffan SAR, watau yawan ƙarfin da kowane kilo na jiki ke sha. A Amurka iyakarsa wat 1.6 ne a kowane kilo tun 1996. A ƙasashen Turai, da sauran ƙasashen da ke bin ƙa'idar hukumar masana ta duniya mai suna ICNIRP, iyakar kai da gangar jiki wat 2 ce. Gwada sitika kuwa abu ne mai sauƙi ga wanda ke da wannan ɗaki: a auna waya ba sitika, a manna, a sake aunawa, a maimaita sau da yawa, a kwatanta. Ba a tambayar mai saye ko ciwon kansa ya ragu, ba a tambayar mai sayarwa abin da ya ji a jikinsa. Lamba ce ke magana.

Abin Da Awo Ya Nuna

A shekarar 2001 Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu ta Ingila ta sa wani ɗakin gwaji ya auna iri-iri na waɗannan kaya. Aka tarar ƙananan da ake mannawa ba su yin wani abin kirki. Manyan kuma, irin rigunan waya masu ƙarfe a ciki, waɗansunsu sun rage abin da ke shiga kai, amma sun rage ƙarfin da waya ke kaiwa ga ƙarfen sabis gwargwadon haka. Watau a cikin ɗakin gwaji, inda aka hana waya ƙara murya, lambar ta sauka; a kan titi kuwa, inda take da 'yancin ƙarawa, ribar takan zube, batir kuma ya riƙa saurin ƙarewa.

A watan Fabrairu na 2002 Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka, FTC, ta kai kamfanoni biyu kotu: Stock Value 1 na Jihar Fulorida, mai sayar da SafeTShield da NoDanger, da Comstar Communications na Jihar Kalifoniya, mai sayar da WaveShield. Kayansu 'yan faci ne da ake liƙawa a kan wurin da murya ke fita zuwa kunne, suna da'awar suna tare kashi 97 zuwa 99 cikin 100. Hukumar ta ce mafi yawan igiyar daga eriya da sauran jikin waya take fita, ba daga ramin murya ba, saboda haka facin yana gadin ƙofar da ɓarawo ba ya bi. A 2003 kamfanin Comstar ya amince da sulhun da ya hana shi sake yin wannan da'awa ba tare da hujja ba. Hukumar ta kuma gargaɗi jama'a cewa irin waɗannan kaya suna iya dagula sabis, su sa waya ta ja ƙarin wuta, mai yiwuwa ma ta fitar da igiya fiye da da.

A 2003 ɗin dai wata mujallar masana mai suna Bioelectromagnetics ta buga sakamakon gwajin ƙananan kariya iri 9 da aka yi a ɗakin binciken kamfanin Motorola. Ko ɗaya daga cikinsu bai rage abin da ke shiga kai ba. Shekaru suka shuɗe, waya ta sauya kama, labarin bai sauya ba. A watan Mayu na 2020 aka riƙa sayar da wani abu a Ingila mai suna 5GBioShield a kan fam 339, ana cewa yana kewaye gida da kariya daga 5G. Masanan wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna Pen Test Partners suka saya suka farke shi, suka tarar filashi ne na yau da kullum mai ɗaukar megabayit 128, an manna masa 'yar sitika. A watan Janairu na 2021 kuma gidan rediyon BBC ya ba Jami'ar Surrey waɗansu sitikoki na kamfanin Energydots ta gwada a kan wayoyi da na'urorin intanet na gida. Jami'ar ta ce ba ta ga wani sauyi ba, ko a zango ko a ƙarfi.

Wani zai ce ai ɗakunan gwajin nan bakinsu ɗaya da kamfanonin waya, ga shi ma an ambaci Motorola. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana Faransa. A watan Satumba na 2023 hukumar kula da zangon rediyo ta ƙasar, ANFR, ta auna wayar iPhone 12 ta tarar tana ba da wat 5.74 a kowane kilo a gwajin riƙewa a hannu ko ajiyewa a aljihu, alhali iyakar gaɓoɓi wat 4 ce. Nan take ta hana sayar da ita a Faransa. Kamfanin Apple, duk da girmansa da musun da ya yi, sai da ya fitar da gyara cikin manhajar wayar. Ma'aunin da bai ji kunyar Apple ba, shi ne dai ma'aunin da ya auna sitika ya tarar ba ta da nauyi.

Gudun Gara, Faɗawa Gidan Zago

Da asarar kuɗi ce kaɗai, da sai a ce da sauƙi. A watan Disamba na 2021 hukumar kula da tsaron nukiliya ta ƙasar Holan, ANVS, ta hana sayar da kaya iri 10, da suka haɗa da sarƙoƙin wuya, da awarwaro, da ƙyallen rufe ido na barci, har da awarwaron yara, waɗanda akan tallata irinsu da sunan kariya daga 5G ko ƙarin lafiya. Da aka auna su sai aka tarar su da kansu suna fitar da tururi, kuma irin mai karya ƙwayoyin halitta. Hukumar ta ce abin da suke fitarwa ba shi da yawa, amma wanda ke rataye da su dare da rana zai iya wuce iyakar da aka yarda fata ta sha. Ta shawarci masu su da su cire, su killace su nesa da jiki, kada su zubar a shara.

Dalilin haka shi ne akan cakuɗa garin waɗansu ma'adinai cikin irin waɗannan kaya, musamman masu rubutun Quantum ko Negative Ion a jikin kwali, kuma daga cikin ma'adinan akwai monazayit, mai ɗauke da toriyam da yuraniyam. Wannan ma'adini ba baƙo ba ne a wannan yanki. Yana cikin tarin yashin da haƙar kuza ta bari a ƙasar Jos, wadda ke cikin Lardin Bauci har zuwa 1926, kuma masana sun daɗe suna gargaɗi game da gina gida da wannan yashi. Ke nan mutum ya tsorata da igiyar rediyon da ba a tabbatar ta cuci kowa ba, ya biya kuɗi ya rataya wa ɗansa abin da aka san irin tururinsa yana cutarwa.

Akwai kuma illa ta biyu, wadda ma'auni ba ya nunawa. Mai fama da ciwon kai kullum, ko rashin barci, ko matsalar haihuwa, in aka gamsar da shi cewa waya ce sanadi kuma sitika ce magani, sai ya zauna a gida yana jiran sauƙi. Hawan jini kuwa ko ciwon sukari, waɗanda ɗan awo a asibiti zai iya ganowa, suna can suna cin jiki.

To, Tururin Fa?

Ba laifi ba ne mutum ya damu da lafiyarsa, masana ma sun ɗauki tambayar da muhimmanci. A watan Mayu na 2011 cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa igiyar rediyo a rukunin 2B, rukunin abubuwan da ake da ɗan zato a kansu amma hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba. Aka ci gaba da bincike. A 2024 aka buga wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a yi, ƙarƙashin jagorancin masana na ƙasar Ostireliya, wanda ya tattara bincike 63 da aka yi tsakanin 1994 da 2022. Bai sami alaƙa tsakanin amfani da wayar salula da sankarar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara 10 ko fiye suna amfani da ita.

Wanda duk da haka yake son ya rage abin da ke shiga jikinsa, hanyoyin da awo ya tabbatar kyauta ne. Ƙarfin igiya yana faɗuwa da sauri da zarar an matsa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda wayarsa ke nesa da jiki da santimita 30 zuwa 40, watau ƙasa da kamu ɗaya, abin da yake sha ya yi ƙasa ƙwarai da na wanda ya manna ta a kunne. Sai ya buɗe lasifikar waya, ko ya sa abin saƙalawa a kunne, ko ya aika saƙo a rubuce. Ya nemi inda sabis ya cika kafin ya yi dogon kira, gama a nan ne waya ke raɗa. Ya taƙaita hira, ya ajiye waya a kan tebur da dare maimakon ƙarƙashin matashi. Ita wannan hukuma ta faɗa a fili cewa ba a nuna kayan da ake sayarwa don rage tururi suna aiki ba.

Aikin Da Ke Gaban Hukumomi

Doka ba ta bar mai saye a hannun Allah-ya-isa ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta yin da'awar ƙarya ko mai ruɗarwa a kan kaya, kuma hukumar da ke aiwatar da ita, FCCPC, tana da ofishin shiyyar Arewa maso Gabas a garin Bauci. Akwai Hukumar Kula da Ingancin Kaya, SON, mai alhakin abin da ke shigowa ta tashoshin ruwa da kan iyaka. Akwai NCC da ke tantance wayoyi kafin a sayar. Akwai kuma Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, NNRA, wadda maganar sarƙoƙi da awarwaro masu tururi ta faɗo cikin huruminta kai tsaye. Abin da ya dace shi ne waɗannan hukumomi su shiga kasuwa su sayi samfur kamar kowa, su auna, su buga sakamakon da Hausa a gidajen rediyo, inda talakan da ake yi wa tallar zai ji.

Manyan makarantun Bauci ma suna da rawar takawa. Cikakken ɗakin awon SAR yana da tsada, amma awon farko bai kai haka ba. Sassan kimiyyar fiziks da injiniyan lantarki na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, za su iya ɗora ɗalibai a kan auna ƙarfin igiya da sitika da kuma ba sitika, su kanga ma'aunin tururin nukiliya a jikin sarƙoƙin da ake sayarwa. Abin da ya fi ƙarfinsu sai su tura Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ɗalibin da ya rubuta kundin kammala karatunsa a kan wannan ya yi wa unguwarsu aikin da za a gani.

Su kuma masu teburan kayan waya, yawancinsu yadda aka gaya musu a wurin sari haka suke faɗa, su ma an ruɗe su ne. Amma sunan ɗan kasuwa shi ne jarinsa, kuma shugabannin ƙungiyoyinsu suna da ikon su ce kayan da ba su da takardar gwaji kada su hau tebur. Mai saye kuwa, in an miƙo masa sitika, yana da tambayoyin da zai yi cikin ladabi. Wane ɗakin gwaji ne ya auna ta, a wace ƙasa, a wace shekara? Da wace irin waya aka gwada? Nawa ne adadin SAR kafin a manna, nawa ne bayan an manna? Sabis ya ragu ko bai ragu ba? Tambarin da aka buga a jikin kwali, da hoton mutum sanye da farar rigar likita, da lambar rajistar mallakar fasaha, duk ba su amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya ce kayansa suna tare kashi 99 cikin 100, a kansa nauyin kawo takarda yake. In ya kasa kawowa, mai saye ya mai da kuɗinsa aljihu, ya buɗe lasifika, ya ɗan nesanta wayar da kunnensa.